Belur ko Rishikesh: Ina Ɗalibi Zai Je Ya Fahimci Yoga da Hidima a Addinin Hindu?

Ƙanena yana digiri na biyu a fannin nazarin addinai, kuma bana ya samu tallafin zaman wata uku a Indiya. Kundinsa a kan abin da mabiya addinin Hindu ke kira karma yoga ne, wato mutum ya yi wa halitta hidima ba tare da sa ran sakamako ba, yana ɗaukar hidimar a matsayin hanyar isa ga kaɗaitaka, wato ruhi ya zama abu ɗaya da asalin samuwa, wadda suke cewa ita ce ƙarshen tafiyar ruhi. Kuɗin da aka ba shi na wuri ɗaya ne. Abokansa duk sun ce masa ya tafi Rishikesh, domin sunan da kowa ya sani ke nan in an ambaci yoga. Ni kuwa na ce masa Belur, a gefen Kolkata. Ya nemi hujja a rubuce. Ga ta nan, na bar ta a fili saboda ba shi kaɗai zai tsaya a wannan mararraba ba.

Ƙanena, kada tambayar da za a yi ta yi maka a gida ta karya maka gwiwa, cewa me Musulmi zai je nema a wuraren ibadar Hindu. Kusan shekara dubu ke nan da Abu Raihan al-Biruni ya zauna ya koyi harshen Sanskrit, ya mayar da littafin yoga na Patanjali zuwa Larabci, sannan wajen shekarar 1030 ya kammala babban littafinsa a kan Indiya, inda ya ɗaukar wa kansa alkawarin kawo maganar mutanen yadda suka faɗe ta. Bai bar addininsa ba, bai kuma yi musu ƙage ba. Sawunsa za ka bi.

Ba za ka iya zaɓen gari ba sai ka warware wani ƙulli da ke cikin taken kundin naka. Kalmar yoga ta fito daga tushen da ke nufin ɗaura karkiya, kamar yadda manomi ke haɗa shanun huɗa biyu, shi ya sa kowa ke fassara ta da haɗuwa. To amma ka buɗe Patanjali ka gani. Gajerun jimloli ne da ba su kai 200 ba, a babi 4, kuma tun a farko ya ce yoga ita ce tsayar da kai-komon zuciya. Ya jera matakai 8: hane-hane, ladubban kai, zama, sarrafa numfashi, janye gaɓɓai daga abin da ke jan su, tattara hankali, zurfafa tunani, sai nutsewa. Ƙarshen tafiyar a wurinsa ana kiransa kaivalya, ma'ana ruhi ya ware shi kaɗai daga duk abin da ba shi ba. Wannan rabuwa ce. Akwai hana cutar da mai rai a ciki, akwai gaskiya, akwai tausayi a matsayin halin da ke kwantar da zuciya, amma ciyar da mayunwaci da jinyar majinyaci ba sa cikin matakan nan takwas.

Maganar aiki a Bhagavad Gita take, baitoci 700 a babi 18, cikin babbar waƙar Mahabharata. Jarumi Arjuna ya ajiye baka a filin daga na Kurukshetra, ya ce ba zai yaƙi danginsa ba, gara ya bar duniya ya riƙa bara. Krishna, abin bautarsu da ke tuƙa masa keken yaƙi, ya ce masa barin aiki ba zai kuɓutar da shi ba, domin babu mai rai da ke iya zama ko na ƙiftawar ido ba ya aikata wani abu. Abin da ke ɗaure mutum shi ne kwaɗayin abin da aikin zai haifar. A babi na 2, baiti na 47, aka ce masa aikin ne nasa, 'ya'yan aikin ba nasa ba ne. A babi na 3 aka kawo masa misalin sarki Janaka da ya cimma kamala yana kan gadon mulki, aka kuma ce mai sani ya yi aiki don riƙe duniya kada ta wargaje. A farkon babi na 5 aka auna barin duniya da aiki marar kwaɗayi, aka ce duka suna kaiwa, amma aikin ya fi.

Ita kuwa kaɗaitaka, makarantar Advaita ce ta fi tsayawa a kanta. Babban malaminta Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya ce ruhin mutum da Brahman, asalin samuwa, abu ɗaya ne, jahilci ne ke nuna su biyu. Ga ƙullin a nan: Shankara da kansa ya ce aiki ba ya kuɓutarwa. Iyakarsa ya wanke zuciya ta zama ta shirya, sani kaɗai ke yaye jahilci. Kuma ba duk Hindu ba ne suka yarda da kaɗaitakar tasa. Ramanuja ya ce rayuka na cikin Ubangiji kamar jiki da rai amma ba su narke ba, Madhva a ƙarni na 13 ya ce bambancin na har abada ne. Saboda haka jimlar da ke kan kundinka, cewa yoga da hidima hanya ce zuwa kaɗaitaka, zare uku ne daga masaƙa uku. Wani ne ya murɗa su suka zama igiya ɗaya, kuma wanda ya fi kowa yin wannan murɗi a zamanin nan shi ne Swami Vivekananda (swami laƙabin ɗan zuhudun Hindu ne). Gidansa Belur.

An haife shi a Kolkata a 1863, sunansa na yanka Narendranath Datta, ya yi karatun boko, ya zama almajirin Ramakrishna, mai hidimar ɗakin ibadar abar bauta Kali a Dakshineswar. Almajiran sun ruwaito cewa wata rana ana maganar tausaya wa halittu, sai Ramakrishna ya ce wane ne kai da za ka tausaya, ka yi wa mutum hidima kana ganin abin bauta Shiba ne a cikinsa. Narendra ya ce in ya samu dama zai yaɗa wannan magana. Bayan rasuwar malamin a 1886 ya zaga Indiya, yawanci a ƙasa da jirgin ƙasa, ya ga talaucin ƙauyuka da idonsa. A Satumbar 1893 ya yi jawabin da ya fito da shi a taron addinan duniya na Shikago. Ya dawo gida, ran 1 ga Mayu 1897 ya kafa Ramakrishna Mission, da taken da ke cewa don kuɓutar kai da kuma alherin duniya. Hujjarsa mai sauƙin faɗa ce: in da gaske ruhi ɗaya ne a cikin kowa, to wanda ke kwance a bakin titi kai ne, kuma wanke masa miki ibada ce daidai da zaman halwa. Talaka ya kira shi Daridra Narayana, wato Ubangiji a rigar matalauci.

Wannan bai shiga kunnen 'yan zuhudun Hindu da sauƙi ba, har cikin 'yan'uwansa almajirai akwai waɗanda suka ce ba abin da malaminsu ya koyar ke nan ba. A al'ada, wanda ya sa tufafi ruwan goro ya mutu ga duniya, ba ruwansa da asibiti. Duk da haka a shekarar ta 1897 Swami Akhandananda ya fara rabon abinci a yunwar gundumar Murshidabad, ya buɗe gidan marayu. Da annoba ta shiga Kolkata a 1898 da 1899, almajiran suka shiga unguwannin talakawa suna share kwatoci, cikinsu har da baturiyar Ailan Margaret Noble, wadda aka fi sani da Nivedita. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Kankhal, kusa da Haridwar. A 1901 Swami Kalyanananda ya kafa bukkoki a can don jinyar 'yan zuhudu da matafiya da ciwo ke kayarwa ba mai kula da su, daga baya Swami Nischayananda ya zo ya taya shi. Suna wanke bahayan marasa lafiya da hannunsu, suna takawa a ƙasa har Rishikesh da magani su dawo. Sauran 'yan zuhudu suka sa musu sunan raini, bhangi sadhu, wato 'yan zuhudu masu kwasar kashi, ba a gayyatarsu walima. 'Yan ƙungiyar suna ba da labarin cewa sai da Dhanraj Giri, shugaban Kailash Ashram na Rishikesh, ya ƙi cin abinci a wata walima har aka je aka kira su. Bukkokin nan yau babban asibiti ne. Ka riƙe sunan Kankhal, zan dawo kansa.

Abin da za ka tarar a Belur shi ne wannan ra'ayi ya zama ofis, ya zama kasafin kuɗi. Hedikwatar na gaɓar yamma ta kogin Hooghly, kwale-kwalen haya na tsallaka mutane zuwa wajen Dakshineswar. Babban ɗakin ibadar da aka buɗe a 1938 an zana shi ne da gangan ya ɗauko siffofin haikalin Hindu da masallaci da coci. Tambarin ƙungiyar ma darasi ne: igiyar ruwa aiki, furen bado ƙauna, rana mai fitowa sani, macijin da ya kewaye su yoga, farar agwagwar ruwa da ke tsakiya kuma ruhi mafi ɗaukaka. Rassanta sun haura 200, har a Durban da Morishus. Suna da asibitoci a Kolkata da Varanasi da Lucknow da Itanagar, makarantun kwana irin na Narendrapur da Deoghar, da aiki cikin ƙabilun daji a Narainpur. Gwamnatin Indiya ta ba ƙungiyar kyautar zaman lafiya ta Gandhi ta 1998. Ɗan zuhudu a nan yakan shafe kusan shekara tara yana horo kafin a ba shi tufafin ƙarshe, kuma bayan haka ana iya tura shi ya riƙe akawun asibiti ko ya zama shugaban makaranta. Mutumin da kundinka ke buƙata ke nan. Ka zauna da swamin da ke sa hannu a takardun albashin nas-nas, ka tambaye shi yadda yake raba zuciyarsa da sakamako alhali dole ya miƙa rahoton shekara. Amsarsa ta fi babi guda na nazarin littafi.

Belur kuma tana da tambayoyi masu nauyi da za su ba kundinka ƙashi. Kunnen Bahaushe da ya ji kalmar Mission zai tuna 'yan mishan da asibitocinsu da makarantunsu, kuma masana sun daɗe suna muhawara a kan ko Vivekananda ya ari tsarin ne daga Kiristocin da ya gani a Indiya da Amurka. Masanin Jamus Paul Hacker ya tafi a kan cewa fitar da ɗa'ar taimako daga kaɗaitakar Advaita ra'ayi ne da ya biyo ta hannun masanan falsafa na Jamus Schopenhauer da Paul Deussen, wanda Vivekananda ya ziyarta a Kiel a 1896. 'Yan ƙungiyar suna musanta wannan, suna nuna Gita da maganar Ramakrishna. Akwai kuma shari'ar da ƙungiyar ta shiga daga 1980, tana neman a ɗauke ta a matsayin addinin tsiraru dabam da Hindu don ta kare ikonta a kan makarantunta, har Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa a 1995. Sannan ga wasiƙar da Vivekananda ya rubuta wa wani Musulmi a Nainital a 1898, inda ya amsa cewa daidaiton da Advaita ke koyarwa bai taɓa zama halin yau da kullum na Hindu gaba ɗaya ba, kuma in akwai addinin da mabiyansa suka kusanci wannan daidaito a aikace to Musulunci ne. Ya yi fatan Indiya ta gaba ta haɗa ƙwaƙwalwar Vedanta, falsafar Hindu da Advaita ke cikinta, da jikin Musulunci. Ɗalibi daga ƙasar Hausa yana da abin cewa a kan wannan wasiƙa wanda Bature ba zai gani ba.

Yanzu Rishikesh, kuma ba zan tauye mata haƙƙi ba. Garin na jihar Uttarakhand, inda kogin Ganga ke fitowa daga duwatsun Himalaya, kimanin kilomita 25 sama da Haridwar. Wanda ya dace da bincikenka a can shi ne Swami Sivananda. Likita ne ɗan Tamil Nadu, an haife shi a 1887, ya yi kusan shekara goma yana aikin asibiti a Malaya, ya bar komai ya iso Rishikesh a 1924. Bai ajiye akwatin maganinsa ba: a 1927 ya buɗe ƙaramin ɗakin shan magani kyauta a Lakshman Jhula. A 1936 ya kafa Divine Life Society, a 1948 ya buɗe makarantar koyar da yoga da Vedanta, ya rubuta littattafai sama da 200, ya rasu a 1963. Magajinsa Swami Chidananda ya yi suna wajen hidimar kutare. Gidan nasu na Muni ki Reti a bakin kogi, yana da asibitin kyauta, kuma tun 1943 ake rera zikirinsu a wani zaure dare da rana ba yankewa.

Taken Sivananda kalmomi shida ne a jere: yi hidima, yi ƙauna, bayar, tsarkaka, zurfafa tunani, ka gane. Dubi jerin da kyau, domin bambancin gidajen biyu a nan yake ɓoye. Hidima ce ta farko, ganewa ce ta ƙarshe, tsani ne. Mai girman kai ba zai iya zaman tunani ba, don haka a fara ba shi tsintsiya da tukunyar wanki har zuciyar ta yi laushi. Wannan ya fi kusa da Shankara: aiki sabulu ne. Sivananda ma ya koyar da ganin Ubangiji a cikin majinyaci, kuma Belur ma ba ta musun cewa aiki na wanke zuciya, don haka kada ka zana layi mai kauri fiye da yadda yake. Amma nauyin ya bambanta. A Rishikesh asibiti na gefen gidan halwa. A ƙungiyar Ramakrishna sau da yawa asibitin ne gidan halwar. In tambayarka ita ce yadda hidima ke gyara mai neman ruhaniya, Rishikesh za ta amsa. In tambayarka ita ce yadda aƙidar kaɗaitaka ta zama dalilin gina cibiyoyin jin ƙai, amsar na Belur.

Akwai wata matsala ta Rishikesh da ya kamata ka sani tun kana gida. Garin ya zama kasuwar yoga ta duniya, musamman tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga, aka fara bikin a 2015. Kowane lungu akwai allon makarantar da ke ba da takardar shaidar koyarwa bayan wata guda, ɗalibanta galibi baƙi daga Turai da Amurka. A irin waɗannan kwasa-kwasai karma yoga takan zama awa ɗaya a jadawali, ta shara ko yankan kayan miya. Ban raina wannan ba, mai shara da zuciya ɗaya ya yi abin kirki. Amma in ka tara hirarrakinka daga nan, za ka dawo da kundi a kan baƙi masu neman hutun rai, alhali ka tafi neman Hindu. Ka kuma kiyaye ruɗanin suna: cibiyoyin yoga masu ɗauke da sunan Sivananda a ƙasashen duniya almajirinsa Vishnudevananda ne ya kafa su, ya fara daga Montreal a 1959, kuma ƙungiya ce dabam da Divine Life Society. Wani almajirin, Satyananda, ya kafa makarantarsa a Munger ta jihar Bihar, Chinmayananda ma ya kama tasa hanyar. Wanda ke son bin diddigin yadda yoga ta fita daga bakin Ganga ta shiga ɗakunan motsa jiki na duniya, to wannan gida ne tushen da zai tona, kuma Belur ba za ta ba shi wannan ba.

Ta fuskar takardu Kolkata ta yi nisa. Cibiyar al'adu ta ƙungiyar da ke Gol Park tana da babban ɗakin karatu, a Belur akwai jami'arsu mai sashen Sanskrit, mujallarsu ta Turanci Prabuddha Bharata tana fitowa tun 1896, ga kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa da jami'o'in birnin inda za ka samu malaman da ba 'yan ƙungiyar ba, waɗanda za su faɗa maka abin da swami ba zai faɗa ba. A Rishikesh kusan duk abin da za ka karanta gidan ne ya buga shi game da kansa. Harshe kuwa, 'yan zuhudun gidajen biyu da yawa suna jin Turanci. Majinyata da ma'aikata su ne matsala: a Rishikesh Hindi ake yi, kuma ɗan abin da kunnenka ya tsinta daga finafinan Indiya zai buɗe maka gaisuwa, a Kolkata kuwa Bengali ne, dole ka sa kuɗin tafinta a lissafi. Wannan maki ɗaya ne da Rishikesh ta ci ba gardama.

Zaman Musulmi wata uku ba ƙaramin abu ba ne a wannan awo. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Kolkata Musulmi ne. Masallacin Nakhoda na tsakiyar gari, titin Zakaria cike yake da abincin halal, Juma'a ba za ta wuce ka ba. Rishikesh gari ne mai tsarki a wurin Hindu, doka ta hana sayar da nama da giya, kuma masallaci abu ne mai wuyar samu, sai ka gangara Jwalapur ta Haridwar ko ka nufi Dehradun. Shinkafa da wake da ganye ba za su kashe ka ba, amma ka san da shi. A gidajen biyu za a miƙo maka prasad, abincin da aka fara gabatarwa ga abin bauta. Ka ce na gode, addinina bai ba ni dama ba, da fuska a sake. Haka durƙusa wa swami ko taɓa ƙafarsa: gaisuwar baki cikin ladabi ta isa. Ka faɗi ko kai wane ne tun ranar farko, kada ka shiga da sunan mai neman shiga hanya don a sake da kai, domin wannan yaudara ce kuma za ta ɓata binciken. Ka kuma nemi takardar jami'ar da za ta karɓe ka kafin neman biza, bizar yawon buɗe ido ba ta bincike ba ce.

Duk inda ka je, wani tarko na jiranka, kuma ya fi kama masu kyakkyawar niyya. Za ka ji swami na cewa a yi aiki ba don sakamako ba, zuciyarka ta ce ai ikhlasi ne, ta kawo maka ayar Suratul Insan ta masu ciyarwa don Allah ba sa neman sakayya ko godiya. Za ka ji Daridra Narayana ka tuna hadisin ƙudusi na Sahihu Muslim, inda Allah ke cewa bawa na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Kamar tana nan, ka rubuta ta. Amma kama da wane ba ta wane. Hadisin ya ce da ka gaishe shi da ka same ni a wurinsa, bai ce shi ne ni ba. Musulmi yana yanke tsammani daga mutane yana rataya shi ga Allah, yana fatan lada da Aljanna. Mai bin Gita yana sakin ladan ne gaba ɗaya, har na sama, domin a aƙidarsa kowane sakamako da aka riƙe, mai kyau ko mummuna, igiya ce da ke dawo da rai cikin zagayen mutuwa da haihuwa. Tauhidi na kaɗaita Mahalicci ya bambanta shi da halitta. Advaita na cewa a ƙarshe babu biyun da za a bambanta. Yarima Dara Shikoh, Musulmi ɗan gidan sarautar Mughal ta Indiya, ya gwada haɗa tekunan nan biyu a littafinsa na 1655, ya fassara Upanishad, tsofaffin littattafan hikimar Hindu, zuwa Farisanci a 1657, kuma har yau ana jayayya a kan ko ya fahimce su ne ko ya ga fuskarsa a madubi. Girmama mutanen da za su karɓe ka ya haɗa da barin maganarsu ta zama tasu.

Tambaya ɗaya nake roƙon kada ka tsallake, ko da za ta sa ɗakin ya yi shiru. Gitar da ta ce a babi na 5 mai sani yana kallon malamin Brahmin, ɗan aji mafi ɗaukaka, da saniya da giwa da kare da wanda aka fi ƙasƙantarwa da ido ɗaya, ita ce kuma ta ce gara mutum ya yi aikin da ya hau kansa ko da da naƙasa a kan ya yi na wani da kyau, ta kuma ambaci azuzuwan mutane huɗu. Gandhi ya karanta ta ya ga sakin kwaɗayi, ɗan gwagwarmayar 'yanci Tilak ya rubuta sharhinta a kurkukun Mandalay ya ga kiran tashi tsaye, Ambedkar, wanda ya fito daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ya karanta ta ya ga kariyar tsarin gado. Wanda aka haifa cikin gidan kwasar shara, aka ce masa ya yi aikinsa ba tare da sa ran komai ba, me ya ji? Zagin da aka yi wa mutanen Kankhal da sunan wannan aji aka yi shi. Ka tambayi mai shara a asibitin, ba shugaban asibitin kaɗai ba.

Da a ce ƙanwarka ce za ta je, da na ƙara mata cewa 'yan zuhudun Belur maza ne zalla, na mata suna da gidansu mai cin gashin kansa, Sri Sarada Math, da aka kafa a 1954 a Dakshineswar, kuma kusan ba a taɓa shi ba a rubuce-rubucen da ke iso mana.

To ga yadda zan kasa wata ukun in ni ne. Ka sauka Kolkata a Nuwamba, bayan damina ta ɗauke kuma hutun bikin Durga ya wuce, lokacin da zafi da gumin birnin ke sauƙi. Sati biyu na farko a Gol Park kana karatu kana neman izinin hira, domin ƙungiya ce mai bin tsari, ba a shiga asibitinta da rakoda sai da takarda daga sama. Sati bakwai tsakanin Belur da asibitin Seva Pratishthan da Narendrapur. Sannan ka roƙi takardar gabatarwa zuwa Kankhal, ka hau jirgin ƙasa daga tashar Howrah zuwa Haridwar, tafiyar fiye da kwana ɗaya, kuɗinta kuma ba zai karya tallafin ba in ka ɗauki gadon talakawa. Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, Janairun can ya fi hunturun da ka saba da shi. Daga Kankhal motar haya za ta kai ka Muni ki Reti cikin kamar awa ɗaya, ka yini a gidan Sivananda kana ganin tsanin nan mai hawa shida da idonka, ka dawo ka kwana kusa da Jwalapur inda za ka samu jam'i. Hanyar da Kalyanananda da Nischayananda suka riƙa takawa da jakar magani ke nan.